Abayar da na bar wa kogi

Lokacin da abin nan ya same ni, ban daɗe da gama jami'a ba. Ni haifaffiyar Jidda ce, a unguwar Bani Malik na tashi, a gidan da kowa ke da baki sai ni. An san ni da shiru da karatu, da ɗan rubuta baitoci a waya in goge kafin wani ya gani. Ruwa kuwa ina ganin na san shi, don tun ina ƙarama duk Juma'a da yamma Baba yakan kwashe mu zuwa bakin teku a Abhur. Duk wadda ta tashi a nan ta san yadda muke yi: da abayarmu muke shiga, mu yi ta tafiya har ruwa ya kawo ƙirji, gishiri ya ɗauke mu kamar uwa ta ɗauki jinjiri. In kin gaji sai ki sauke ƙafa, yashi yana nan yana jiranki. Ban taɓa tunanin akwai ruwan da zai ce in tuɓe masa abaya ba.

Kogi kuwa a bakin kakata na san shi. Habboba muke ce mata, yadda ake kiran kaka a Sudan, don can aka haife ta, a Maiurno, gaɓar Nilu. Takan ba ni labarin wanki a bakin ruwa da ƙarar kogi in damina ta cika shi, ni kuma in koma ɗaki in yi ta yabon abin da ban taɓa gani ba. Wata rana na karanta mata wasu baitoci da na yi wa kogi, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce 'yar nan da gani a hoto ta san shi, wanda ya sha wuya a hannunsa ba ya kiransa masoyi. Ta ƙara da cewa gwanin ruwa shi ruwa kan ci. Na yi dariya na ce tsufa ne.

Da zafi ya tsananta a wata shekara, yayana ya ɗauke ni tare da matarsa zuwa tsaunukan arewacin Turkiyya, inda mutanenmu suke zuwa gudun rana. A can na fara ganin kogi ido da ido, kore shar a gefe, fari fat a tsakiya inda yake dukan duwatsu. Mun tsaya a kan gada sai ga wani kwalekwalen roba ya gangaro da mutane suna ihu suna dariya, ruwa yana jefa su sama yana cafewa. Ni na nace sai mun hau. Yayana ya ce wadda kyankyaso ke kora daga kicin ita ce yau za ta yi kokawa da kogi, yalla, mu je, shi ma yana so ya ga ikon Allah.

Jagoran kwalekwalen yana ɗan jin Larabci. Ya ba kowa hular kwano da filafili da rigar ceto, irin wadda ke riƙe mutum a saman ruwa. Da ya zo kaina ya dubi abayata ya ce ba za ta yi ba, akwai ɗakin mata da doguwar riga da wando na shiga ruwa. Matar yayana ta je ta canza, ta fito a rufe tsaf, ba abin da ya bayyana. Ni na ƙi. Na ce masa mu a Jidda haka muke shiga teku. Ya ce to aƙalla in tattare ta in ƙulle a ƙugu. Na ƙulle, yana juya baya na kwance. Matar yayana ta ja maɗauran rigar ceton har sai da numfashina ya tsaya, tana cewa habibti, 'yar lelena, yi haƙuri, ba ɗaurin aure za mu ba. Amma na ga rigar ta kama ni ta fitar da jikina, ga kuma baƙin maza a kwalekwalen, sai na sa hannu a hankali na sassauta su duka. Jagoran ya yi ta maimaita cewa duk wanda ya faɗa kada ya yi ƙoƙarin tsayawa, ya kwanta rigingine ya miƙa ƙafafu inda ruwa ya nufa. Kunnena ya ji, amma idona yana kan hazon da ya sauko kan tsauni.

Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin daɗi irin na farkon tafiyar nan ba, kuma har yau ban yi nadamar son kogi ba. Ruwa ya ɗaga mu ya sauke, kumfa mai sanyi ta watsu a fuskata, jagora yana kiran gaba, gaba, mu kuma muna tuƙi da ƙarfi ɗaya kamar mun daɗe da sanin juna. Ni da ba a jin muryata a gida, sai ga ni ina ihu har yayana ya waiwayo yana tambaya ko an canza masa ƙanwa.

A wani gangare da ruwa ke tafasa tsakanin manyan duwatsu biyu, gefen da nake ya daki dutse, na ji ni a ciki. Sanyin ya shaƙe ni. Rigar da na sassauta ta taso ta rufe min baki da hanci, abaya ta sha ruwa ta naɗe ƙafafuna. Sai jikina ya yi abin da ya saba a Abhur: na sauke ƙafa ina neman yashi. Ba yashi, sai duwatsu, kuma gefen abayar ya maƙale a tsakaninsu. Kogin ya tura ni gaba, abaya ta riƙe ni ta baya, fuskata ta nutse. Babu baiti ko ɗaya da ya zo min a wurin, kalmar shahada ma rabinta na iya yi a zuci. Can maganar jagoran ta dawo min. Na daina neman ƙasa, na ɗage ƙafafu na jefa kaina rigingine. Na ji ƙyallen ya yage daga ƙugu, ruwa ya sake ni.

Jagoran ya jefo igiya na kama, aka jawo ni gefen kwalekwale. Yayana ya kama kafaɗun rigar ceton ya ja da ƙarfinsa, yadda aka koya musu. Rigar ta zame ta kaina ta tafi hannunsa, ni na koma ruwa. Matarsa ce ta zube rubda ciki ta cafke wuyan hannuna ta ƙi saki, har sauran suka taya ta. Cikin duk abin da ya faru, fuskar yayana riƙe da riga ba kowa a ciki ita ce ba ta barin idona.

A bakin gaɓa na zauna da rabin abaya, gwiwa tana jini, kowa yana kallo. Abin da na guda ya same ni ninki, kuma ba wanda ya damu da shi, wata tsohuwa baƙuwa ce ma ta lulluɓa min bargo. Bayan la'asar yayana ya miƙo min shayi ya ce halas, shi ke nan, daga yau ya hana ni kogi, tunda kyankyaso ma ya fi ƙarfina.

Da muka dawo Jidda na faɗa wa Habboba komai, har sassauta maɗauran. Ta duba gwiwar, sannan ta ce su a Maiurno in za su shiga kogi tamke zani suke yi su ɗaure tamau, kuma ba a taɓa cewa matan garinsu ba su da kunya ba. Ta ce teku baƙo yake karɓa, kogi kuwa tafiya yake yi, duk abin da ya ga yana lilo sai ya tafi da shi.

'Yan uwana mata, musamman mu da muka tashi a bakin teku, ban rubuto don in hana ku hawa ba. Ni kaina na koma shekarar da ta biyo baya, na sauka kogin nan tun daga sama har ƙasa, a rufe, cikin kayan da aka yi don ruwa. Sutura ba ta hana ni komai ba. Abin da ya kusa kashe ni shi ne ɗauka cewa ruwan da na sani shi ne duk ruwa. Ku saurari jagora ko da Larabcinsa ya karye, kada ku shiga da abin da ke ja a ƙasa, in kun faɗa kada ku nemi tsayawa. In kuma 'yar uwa ta ja miki maɗauri har kika ji ya matse, ki bar shi haka. Wurin nan ne za a kama a fitar da ke.