Inna a Kan Turmi

"Tsaya! Mayar da shi baya!"

Haka na daka wa jikata Zainab tsawa jiya, tana nuna min wani tsohon fim a wayarta.

Fagge ce, shekarun 1950. Matan unguwarmu da na Sabon Gari sun jere tulunansu a kife a ƙofar ofishin hukuma, suna neman a sa musu famfo. Wata ta hau kan turmi tana jawabi, ta ɗaga ƙwarya cike da jan ruwan kududdufin da ake sha.

Wallahi Innata ce. Matar da har ta koma ga Allah ban taɓa jin ta ɗaga murya ba.

Zainab ta ce, "Hajiya, me take faɗa? Fim ɗin ba sauti."

Na ce, "Ban sani ba, 'yar nan. Amma a famfon nan na yi wayo ina ɗibar ruwa, ina zaton kyautar Bature ce."

Ashe albarkacin Inna duk unguwa ke ci.

Ku da naku iyayen ke raye, kun taɓa tambayarsu?