Ranar da Na Karɓi Makullin Sito a Hannun Baba Yohanna

Shekara goma sha ɗaya ina aikin gona na albashi, na manta da ranaku da yawa, amma har yau ban manta da ranar da na miƙa hannu a gaban ma'aikata na ce wa Baba Yohanna ya ba ni makullin sito ba. Ku da kuka zo koyon aikin gona bana, gara ku ji daga bakina tun kafin wani ya ba ku shi a karkace.

Bari in fara da yadda gonar take a lokacin. Mai ita Alhaji Bala ne, ɗan unguwar Limawa, mai sayar da hatsi a Kasuwar Kure. Kakansa aikin jirgin ƙasa ya kawo shi Minna, kuma duk zuriyarsu babu wanda ya taɓa riƙe fartanya, sai shi da ya sayi fili a bayan gari ya ce zai yi noman zamani. Ni ne manaja, ni ke tsara abin da za a shuka da lokacin da za a shuka shi. Ƙasa da ni sai mai sito, wanda iri da taki da maganin feshi suke hannunsa, ba abin da ke fita sai da saninsa. Daga nan sai direban tarakta, sai mata da maza masu aikin yini. Baba Yohanna ne mai sito. Dattijo ne ɗan Gbagyi daga ƙauyen da ke bayan gonar, kuma wani sashe na filin mahaifinsa ya taɓa nomawa. A cocinsu ma shi ke riƙe makulli.

Daminar shekara uku da suka wuce, tun watan Afrilu na ɗauko irin masara na kamfani don fegi uku da muka saba shukawa. Irin nan shi ne malaman gona ke ce wa mai aure. Yana zuwa a ƙananan buhuna, an shafe shi da jan magani saboda ƙwari, duk wanda ya shuka shi sai tafin hannunsa ya yi ja. Cikin watan Mayu Alhaji ya zo ya ga wani fili a gabas yana zaune haka nan, ya ce, "Sani, wannan ma a sa masa masara." Na ce to, ranka ya daɗe. Na sa tarakta ta yi masa huɗa, na ƙara odar taki.

A farkon watan Yuni aka yi ruwa mai kyau, muka fita shuka. Da hantsi aka kira ni cewa motar da za ta kawo mana taki ta lalace a cikin gari, dole na hau mashin na tafi. Ban dawo ba sai washegari. Na tarar an gama shuka fegi huɗun duka, har na yaba wa Baba a gaban mutane.

Wajen ƙarshen Yuli abin ya fara damuna. Fegi ukun farko masara ta tashi kai ɗaya, kamar an ja mata igiya. Fegin gabas kuwa, wata ta wuce kaina, wata iyakarta ƙuguna, wata ta fid da kai, ta kusa da ita ko alama babu. Na fara zargin ƙasa, na tona na ga ba ta da laifi. Na zargi taki, na ga buhu ɗaya muka zuba wa ko'ina. Sai na kira Mama Asabe, shugabar matan da suka yi shuka, na ce ta tuna min ranar.

Ta ce, "Ai na gabas ɗin ba ja ba ne, Manaja. Fari ne, hannunmu bai yi komai ba. Har warin hayaƙi yake yi."

Na ce, wa ya ba ku?

Ta ce, "Wa zai ba mu in ba Baba ba?"

Daga nan zuciyata ta ƙi kwanciya. Ni mutum ne mai saurin hawa, kun sani, kuma a gonar da na fara aiki na taɓa ganin mai sito ya kwashe taki ya cika buhuna da yashi. Da na taɓa maganar da Iliya direban tarakta, sai ya ce shi ma ya ga wani abu: kwana biyu bayan shuka ya hangi Baba a layin masu hatsi a Kasuwar Kure, da buhu a kafaɗa. Shi ke nan, na haɗa labarin da kaina. Baba ya kai jan iri kasuwa, ya ɗebo tsohuwar masarar rumbu ya ba mata.

Wallahi daga ranar duk abin da dattijon nan ya yi sai in ga shaida ce. In ya gaishe ni da fara'a, in ce yana lallaɓa ni ne. In ya yi shiru, in ce ya san abin da ya yi. Ya sa sabon takalmin roba, na bi ƙafarsa da kallo har ya shige sito. Kullum da safe sai in tarar da shi tsaye a bakin fegin gabas, hannu a baya, yana kallon masarar nan, ni kuma ina hangensa daga nesa ina cewa laifinsa ne ke cinsa. Har Kure na je, na bi masu sayar da iri ina tambaya ko wani ya kawo musu jan iri a farkon damina. Wani ya yi dariya ya ce, "Malam, kullum ana kawowa." Wannan maganar da ba ta nuna kowa ba, ni na ɗauke ta hujja. Duk wannan yawon da na yi, ban taɓa zaunar da Baba na tambaye shi ba.

Ranar wata Asabar Alhaji ya zo zagaye. Ya tsaya a fegin gabas ya ƙare wa masarar kallo, sannan ya juyo ya ce, "Sani, wannan fa?"

Ma'aikata sun taru ana shirin tashi. Maimakon in ce ranka ya daɗe mu koma gefe, sai na ɗaga murya na kira Baba. Ya zo yana share hannu a jikin riga.

Na ce, "Baba, wane iri ka ba mata a nan?"

Ya ce, "Iri mai kyau ne, Manaja."

"Na kamfani ne?"

"A'a."

"To daga ina? Na kamfanin kuma ina ya shiga?"

Ya dubi Alhaji, ya dube ni, ya sake duban Alhaji. Sai ya sassauta murya ya ce, "Manaja, za mu yi magana mu biyu."

Ni kuwa na ɗauka so yake ya roƙe ni in rufa masa asiri. Raina ya ƙara ɓaci. Na ce babu wata magana ta mu biyu, an gan ka a Kure da buhu, ba ni makullin sito. Ya kwance makullin daga igiyar da yake ɗaure shi a ƙugu, ya sa min a hannu. Alhaji ya ce ya je gida sai an bincika, in abin ya tabbata za a kai magana gaban mai unguwarsu. Kafin rana ta faɗi labari ya riga shi isa ƙauye.

Ranar Talata malamar gona ta zo, Malama Hauwa, wadda ke zagayo mu lokaci-lokaci tana duba amfani. Na kai ta fegin ina ba ta labarin ɓarawon iri. Ba ta kula ni ba. Ta shiga cikin kunyoyi tana duba ganye, tana ɓare goyon da ya fara fitowa, ta fito ta ce, "Malam Sani, wannan ba masarar kasuwa ba ce. 'Yar masararku ce ta bara."

Na ce kamar yaya?

Ta yi min bayani a tsanake. Iri mai aure, in ji ta, kamfani ne ke haɗa shi daga iyaye biyu daban, shi ya sa shekarar farko yake tashi kai ɗaya ya yi albarka. In ka ɗebi abin da ya haifa ka sake shukawa, sai ya warwatse, wani ya ɗauko nan, wani ya ɗauko can, komai girman goyon da ka zaɓa. Sannan ta tambaye ni: "Da aka ƙara fegi na huɗu, iri nawa ka ƙaro?"

Na yi lissafi a raina. Ban ƙaro ko ƙwaya ɗaya ba. Taki na tuna, iri na manta. Na kamfanin da na ɗauko na fegi uku ne, kuma ga shi can a tsaye a fegi uku. Babu abin da aka sata, don babu abin satar tun farko.

Da la'asar na hau mashin na nufi ƙauyen. Ban samu Baba a gida ba, sai matarsa Mama Rifkatu. Ta amsa gaisuwata a ciki-ciki, ta ce in biyo ta. Ta kai ni ɗakin girki ta nuna min sama. Igiyoyi ne a jere a kan murhu, sun yi baƙi da hayaƙi, babu komai a jikinsu.

A nan na gane sauran. Duk kaka Alhaji yakan ba kowane ma'aikaci rabonsa na masara. Baba, kamar yadda mutanen nan suka gada, ya zaɓi manya-manyan goyo daga rabonsa, ya ɗaure su ya rataye a kan murhu don hayaƙi ya kare su daga ƙwari, ya ajiye na shukar gonarsa. Ranar da jan iri ya ƙare ana tsakar aiki, ya zo gida ya sauke su duka, shi da matarsa suka murje, ya kai wa mata.

Mama Rifkatu ta ce, "Na ce masa kar ya yi. Bai ji ba. Yanzu ga shi, Lahadi ko coci bai je ba."

Na same shi a 'yar gonarsa a bayan ƙauye. Masararsa siririya ce, ta makara, ko gwiwa ba ta gama wucewa ba. Ita ce ta cikin buhun da Iliya ya gani: hatsin ci ya sayo a Kure ya shuka, tunda nasa irin yana gonar Alhaji. Na durƙusa na gaishe shi, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Na ce, "Baba, me ya hana ka faɗa min?"

Ya jingina fartanya ya ce, da irin Hausarsa, "Ruwa ya sauka, kasa ya jika, mata suna tsaye. Na kira waya naka bai shiga ba. In bar kasa ya bushe?"

Na ce to bayan na dawo fa?

"Na ce bari masara ya yi kyau tukuna, ka gani da ido naka. Da ya ki yin kyau, kunya ya kama ni."

"Ranar Asabar kuma?"

Ya dube ni ya ce, "A gaban Alhaji? In ce Manaja ya manta iri? Kai ma kana da iyali."

Ban san lokacin da hawaye suka zubo min ba. Mutumin da na tozarta, ni yake karewa a daidai lokacin da nake tozarta shi. Na ba shi haƙuri, na kuma maimaita masa bayanin Malama Hauwa. Wannan ya fi komai ba shi mamaki. Ya ce shekara da shekaru haka babansa ya koya masa, ka zaɓi babba ka samu babba, bai taɓa jin masarar da ba ta haifar mai kama da ita ba.

Washegari na je shagon Alhaji na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya yi min faɗan da na cancanta. Asabar ta gaba na tara ma'aikatan nan, a wurin nan dai, na ce laifin nawa ne, Baba bai ɗauki komai ba, nasa ma ya bayar. Alhaji da kansa ya ce a cika wa Baba rumbu da kaka, sannan ya miƙa masa makullin.

Baba ya ce, "Na yafe, Alhaji. Manaja ma na yafe. Aiki zan dawo, amma makulli a ba wani. Jikoki na sun riga sun ji."

Muka yi, muka yi, ya ƙi. Fegin gabas kuwa ko rabin abin da sauran suka bayar bai kawo ba.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. In an ƙara muku fili, ku zauna a ranar ku ƙara komai, iri kafin taki. Ranar shuka manaja ba ya barin gona sai ya bar wanda ya san abin da za a yi in wani abu ya ƙare. Da kaka, in kuna raba wa ma'aikata masara, ku faɗa musu da baki cewa wannan ta ci ce, ba ta shuka ba, ku kuma faɗa musu dalili. Mutanen ƙauyen nan sun fi mu sanin ƙasa da ruwan sama, abin da ba su sani ba shi ne abin da muka sayo a buhu muka ƙi yi musu bayaninsa. Kuma in zargi ya shiga ranku, ku fara duba naku aikin, sannan ku ja mutum gefe ku tambaye shi. Masarar da ta lalace mun sake shuka wata da damina ta zagayo, amma abin da na faɗa a gaban mutane ban iya mayar da shi ba.

Baba yana nan tare da mu, shi ke zagaya masara, kuma ba wanda ya kai shi gane tsutsa tun ba ta ci ganye ba. Muna gaisawa, muna wasa da dariya. Jiya ma adda yake so, tana jingine a cikin sito, taku biyu daga ƙofa, ƙofar a buɗe. Ya tsaya daga waje ya ce, "Manaja, miko mini."