Gazuwal ɗin Mai Masauki

Duk Zangon Sokode babu wanda bai san taurin kan Salifou Mai Tarakta ba. Ɗan mahauta ne, kakansa da ubansa duk a bakin teburin nama suka tsufa, amma shi tun yana saurayi ya ajiye wuƙa ya ce ƙarar inji ce ta yi masa. Uban ya yi faɗa, ya yi lallashi, har malamai ya haɗa shi da su, duk a banza. Ya bi wani direba har ya iya tuƙi, ya yi shekaru yana yi wa wasu aiki, daga baya ya sami wata tsohuwar tarakta ja da aka yasar a bayan wani gareji, ya tashe ta da hannunsa. Ka zagi Salifou, dariya zai yi. Amma ka kira taraktar nan gwangwani, to ranar ka tsokano tsuliyar dodo.

Ruwa yakan riga sauka a Sokode kafin arewa. Saboda haka in ya gama kaftu a gonakin Sokode da Tchamba, sai ya ɗaga garma ya kama babbar hanya, yana tafiyar hawainiya, manyan motoci masu zuwa Burkina na danna masa ham shi ko a jikinsa, har ya isa wani ƙauye kusa da Dapaong daidai lokacin da ƙasa ta jiƙa. A can yake da mai masauki, Lamboni, manomi ɗan ƙabilar Moba.

A gidan su Lamboni, tun zamanin da fatake ke sauka da jakuna, dabbar baƙo ake fara ba ci kafin baƙon. Shi kuwa Lamboni ya ɗauki tarakta dabba ce. Duk tsawon rani, in ya sayar da zabuwa ko ɗan wake, sai ya sayi kwalbar gazuwal, wato man dizal, wurin masu sayarwa a bakin hanya, ya juye a wani duro bayan rumbu. Ranar da Salifou ya iso, a gaban maƙwabta zai mirgino duron ya cika tanki. Mutumin nan ba shi da shanu, ba shi da babur, amma kowa ya san shi ke ciyar da tarakta, kuma ta ƙofarsa ake bi a nemi layin kaftu. Girmansa ke nan a ƙauyen, ba shi da wani.

Bana ma haka aka yi. Aka cika tanki, aka yi shewa, Salifou ya shiga gonar Lamboni. Bai yi nisa ba sai tarakta ta soma tari, ta fesa farin hayaƙi, ƙarfinta ya zube, ta yi gurnani ta mutu da garma a cikin ƙasa.

Salifou ya sauko yana tsaki. Ya zaci iska ce ta shiga layin mai, ya sassauta ƙusar filta ya yi ta danna ɗan famfon hannu har mai ya fito. Ya murɗa makulli, ta ƙi tashi. Ya ɗauko sifana ya sassauta bututun da ke kai mai daga babban famfo zuwa cikin inji, ya sake murɗawa. Inda ya kamata gazuwal ya yi tsartuwa, ko ɗigo babu. Ya san in wannan famfo ya tsaya, tarakta ta zama gunki. Sai ya tari man filta a kwalba, ya juya wa mutane baya, ya ɗaga ta a rana. Ga shi nan: ruwa kwance a ƙasa, gazuwal yana yawo a sama. Ko wani marar tsoron Allah ne ya yi wa Lamboni algus, ko raɓa ce ta taru a duro, oho. Ruwan dai ya wanke maiƙon da famfo ke juyawa da shi, ƙarafan ciki sun ciji juna.

Maƙwabta sun kewaye shi. Lamboni ya matso, murya ƙasa-ƙasa, ya ce da 'yar Hausarsa ta koyo, "Malam Salifou, man nawa ne ya kashe shi?"

Salifou ya tuttular da kwalbar a ƙasa, ya taka wurin. Ya ɗaga murya yadda na baya ma za su ji. "Wane mai kuma? Manka lafiya lau, mai gida. Tsufa ne! Wannan gwangwanin tun daga Sokode take yi mini haka."

Wallahi da bakinsa ya faɗa, kuma ya ji zafin maganar har cikin ransa. Amma ya gwammace hakan da a ce mai masaukinsa ya shayar da dabbar baƙo guba a gaban gari.

Ya kwance famfon, ya naɗe a tsumma, ya hau babur ɗin haya zuwa Dapaong wurin Fayçal bakanike, wanda aikinsa ke nan. Yana zaune yana jira sai ga wayar ɗansa Djibril daga Sokode, labari har ya kai can.

"Baba, don Allah ka sayar wa masu sayen ƙarfe ka dawo gida. Ga shago, ga kujera, ka huta."

"Kujerar ka ajiye wa kanka," in ji Salifou. "Ubana ma bai zaunar da ni ba, balle kai ɗan jiya!" Ya kashe wayar.

Da aka gama gyara ya koma da famfo da jarkar man gidan mai. Ya wanke tanki a kan wai datti ne na shekaru, ya sa sabuwar filta, ya cire iska, tarakta ta tashi tana ruri. Da Lamboni ya nufi duro sai Salifou ya tare shi, ya ce bakanike ya hana tsohuwa sauya abinci sai ta warware.

To amma magana zarar bunu. Mutanen ƙauye sun ji da kunnensu mai tarakta ya ce taraktarsa ta ƙare. Ruwa kuma ba ya jira. Ɗaya bayan ɗaya suka janye, suka aika a nemo wani mai tarakta daga Dapaong. Aikin da Salifou ya yi tafiyar nan dominsa ya zube, sai gonar Lamboni kaɗai. Bai roƙi kowa ba, bai kuma gyara maganarsa ba. Wani ya ce masa ya yi haƙuri, ya ce, "Haƙurin me? Gonarku ce, ku ba wanda kuka ga dama."

Lamboni dai ba yaro ba ne. Ya ga yadda aka kauce wa duronsa, ya ga yadda tarakta ke tsaga ƙasa kamar ba ta taɓa ciwo ba. Da hantsi, maƙwabta na tsaye a bakin gona suna kallo, ya mirgino duron, ya tsai da shi a kan duwatsu. Ya bari ya natsa. Sannan ya ɗauko ƙusa da dutse ya huda gindinsa. Ruwa ne ya fara zubowa, ja da tsatsa, ya daɗe yana zuba kafin gazuwal ya biyo. 

"Ku gani," in ji Lamboni. "Dabbar baƙona lafiyarsa lau. Ni na ba shi wannan."

Salifou ya diro daga tarakta ko kashe ta bai yi ba, idonsa jawur. "Wa ya aike ka? Kai, wa ya aike ka, mai gida? Na zagi abin da ban taɓa bari a zaga ba, na yar da aikin damina, don kada a ga wannan!"

"Na sani," in ji Lamboni. "Shi ya sa."

Salifou ya ruga wurin duron. Ya tsuguna ya toshe hujin da babban yatsansa, gazuwal na bin hannunsa har gwiwa, ya daka wa masu kallo tsawa. "Kun tsaya kuna kallo? Ku kawo jarka! Sauran mai kyau ne, kuma shi za ta sha yau."