La'asar a Shibuya

Kafin assalatu muka bar Ka'akiyya, unguwarmu a Makka. Maigida ne ya kai ni Jidda, yana ta ja mini kunne kamar ba ni na aurar da 'ya'ya biyu ba. Autarmu Sumayya zan je dubawa, tana karatu a Japan. Na ɗaure mata dabino da yaji da kilishi. Kilishin bai wuce filin jirgin Tokyo ba. Ma'aikacin sai da ya rusuna mini, sannan ya ƙwace shi. Ban taɓa ganin ƙwace mai ladabi irin wannan ba.

Tokyo

Ɗakin Sumayya, kicin ɗina ya fi shi faɗi. Na kwana ƙafata na gaisawa da firji. Kashegari bayan Azahar ta ce za ta kai ni Shibuya, unguwar samari da kantuna.

"Ummi, ki haɗa da La'asar tun a nan, ke matafiya ce."

Na ce, "Haba ke kuwa, a rasa masallaci a kasuwa?"

Ita tana fashin salla, sai ta ce, "Halas, shi ke nan," muka fita.

Shibuya

Daga jirgin ƙasa muka faɗo wata mahaɗar tituna, fitila na ba da hannu jama'a suka ɓarke ta ko'ina. Sumayya ta ce in riƙe ta. Ni da na sha turmutsutsun Muzdalifa? Amma abin mamaki, ko silifas ɗina ba a taka ba. 'Yan mata gashi kore, gashi shuɗi, takalmi kamar turmi. Na yi ta yi musu addu'a a zuci, don wasu ko rigar sanyi babu.

Muna ta shiga kantuna, ni kuwa kunnena na jiran ladan. A Makka wa ke duba agogo don salla? A kira, mai kanti ya ja ƙofa, shi ke nan. Nan kuwa kiɗa ne kawai. Sai da na hango rana ta yi ja tsakanin benaye gabana ya faɗi.

"Sumayya, La'asar!"

"Ya Ummi, masallacin da na sani kafin mu kai Magariba ta yi."

Allah ya sa da alwalata. Ta ja ni wani kantin tufafi, ta fizgo riga, ta yi magana da mai jiran kantin, wata yarinya mai koren gashi da ɗan kunne a leɓe. Yarinyar ta kai ni ɗan ɗakin gwada kaya, ta nuna in cire takalmi, wai haka dokarsu take. Na ce a raina, to, rabin masallaci ya samu. Sumayya ta duba alƙibla a waya. Haifaffiyar Makka, yau waya ke nuna mini Ka'aba.

Da na yi sallama na ɗaga labule, na tarar yarinyar tsaye tana ba masu layi haƙuri, ta jera takalmana sun fuskanci hanya. Kunya ta hana ni mayar da rigar. Na saya.

Gida

Na sauka lafiya, alhamdu lillahi. Maigida ya buɗe jaka ya ɗago rigar: ruwan hoda, da hula mai kunnuwan mage.

"Hajiya, wannan fa?"

Na ce, "Ajiye ta a hankali. Hayar masallaci ce."

Allah ya saka wa Sumayya da alheri, ya kuma shiryi mai koren gashi. Har yanzu ina sa ta a addu'a, ko sunanta ban tambaya ba.