Filin Tanis Da Aka Naɗe A Kuala Lumpur

A shekarun baya, duk ƙarshen damina a lissafinmu na gida, ƙwararrun 'yan wasan tanis maza kan taru a Kuala Lumpur su yi mako guda suna fafatawa a wani katafaren rufaffen zaure. Na taɓa kallon gasar lokacin da aiki ya kai ni garin, na dawo na cika wa mutane kunne da labarinta. Yanzu babu ita. An yi 'yan shekaru ana yi, sai aka ɗauke ta aka kai wata ƙasa, kuma ɗalibanmu da ke karatu a can yau ba su ma san an taɓa yi ba.

Abin da ya mayar da ni wannan karon ba wasa ba ne. Abokina ne, wanda muke buga tanis tare a Jos tun muna samari, idanunsa suka fara mutuwa. Na hagu ya tafi gaba ɗaya, na dama kuwa kamar mai leƙe ta labule. 'Yarsa da ke aiki a Malesiya ta samo likita. Likitan ya ce aikin ido zai iya tsayar da ciwon, zai kuma iya tafiya da ɗan ganin da ya rage. In ba a yi ba, makanta ce sannu a hankali. Dattijon ya ƙi amincewa. Da aka matsa masa, ya ce zai je, amma sai na raka shi, kuma ba wanda zai taɓa masa ido sai ya ga filin nan da na daɗe ina yi masa alfahari da shi. Ya san gasar ta mutu. Filin yake so.

Ina idar da sallar asuba muka kama hanyar Abuja, shi yana gidan baya yana karanto addu'arsa ta safe da ka, tunda rubutu ya daina ganuwa. Muka yada zango a Doha, gari na wayewa muka sauka a Kuala Lumpur. Na sha zafi a Jidda, na sha a Dakar, amma na Kuala Lumpur daban ne: jiƙaƙƙe ne, kamar an lulluɓe mutum da tawul ɗin wanka. Hanyar shiga gari sumul, itatuwan kwakwar manja hagu da dama har iyakar gani. Ina ba shi labarin abin da muke wucewa, yana cewa in rage ƙari.

'Yar tasa a Sentul take zaune, unguwar ma'aikatan jirgin ƙasa ta da, wadda yanzu dogayen benaye suka mamaye. Da yamma ta kai mu mamak, wato shagon abinci na Musulmin Indiyawa, inda muka ci wata gurasa mai laushi da miyar wake, muka sha shayin da ake zubowa daga sama har ya yi kumfa. Abinci da arha idan ka gwada da Turai. Hausarta tana nan, sai dai kowace magana sai ta liƙa mata “lah” a ƙarshe, uban yana tambayar ko waƙa take koya. A gefe ta ja ni ta ce, “Baba, don Allah ka lallaɓa shi. Likita ya ce ba za a yi ta jira ba.”

Washegari mu uku muka hau jirgin ƙasa na cikin gari daga Sentul zuwa Bukit Jalil, inda zauren yake. Kuɗin jirgin bai kai na kwanon shinkafa ba. Muka ratsa ta wajen Masjid Jamek, inda koguna biyu suka haɗu a ƙarƙashin benaye, muka yi kudu. A hanya na ba su tarihin gasar iya abin da na sani: ba ta cikin manya-manyan gasannin duniya, amma sanannun 'yan wasa suna zuwa, kuma saboda ruwan sama na garin ba ya sallama kafin ya sauko, a ƙarƙashin rufi ake yin ta. Abin da ya fi tsaya mini shi ne shirun. Dubban mutane, amma da ɗan wasa ya ɗaga ƙwallo sai ka ji ƙarar takalminsa a ƙasa. Na tuna wasu ɗalibai 'yan gida da suka zo da ɗabi'ar kallon ƙwallon ƙafa, suna ihu ana tsakiyar bugu, har alƙalin wasa ya roƙi a yi shiru, ni kuma na sunne kai kamar ban san yarensu ba.

Kuskurenmu na 'yan Jos ne. A wurinmu idan an yi filin tanis ya yiwu kenan. Ko wasa ya mutu, ko raga ta ruɓe, ko awaki suna kwana a kai, layukan suna nan har jikoki su gani. Haka muka ɗauka za mu tarar. Da muka isa, na haɗa ɗan Malayancin da na tsinta da Turanci na roƙi wani ma'aikaci mai furfura, ya dubi sandar abokina, ya ce “boleh”, wato ba matsala, ya buɗe mana ƙofa.

Siminti muka tarar, tsirara. Ma'aikata suna kafa dandamalin mawaƙa a gefe guda. Da na tambayi ina filin, mutumin ya ce ai dama ba a taɓa gina shi ba. Kawo shi ake yi a motoci, a shimfiɗa, a ja layi, a kafa raga, ana gama gasa a kwashe. Na zaga ƙasashe, ban taɓa tunanin filin da na ga ƙarti suna gudu a kai har gumi na ɗiga abin naɗewa ne kamar tabarma ba.

Na rasa yadda zan faɗa wa abokina, ashe ya ji. Ya ce in kai shi tsakiya. Muka tsaya, kujeru sun kewaye mu sun hau sama hawa-hawa har suka ɓace a duhu. Ya tafa hannu sau ɗaya, ƙarar ta zaga ta dawo mana. Ya jiƙa yatsa ya ɗaga, ya ce ko ɗigon iska babu. Na ce to da a nan muke wasa, da ban san me zai riƙa ɗora wa laifi ba in na cinye shi, tunda kullum iskar Jos ce. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya ɗaga kai, ya daɗe yana kallon fitilun rufin, waɗanda su kaɗai idonsa ke iya kamawa.

“Alhaji,” ya ce, “kenan ko da idona biyu na zo, abin da zan gani kenan?”

Na ce shi kenan.

“To don me nake tattalin ɗan ganin nan da ya rage?” Ya juya wajen 'yarsa. “Kira likitan naki.”

Aka yi aikin a makon. Kafin a buɗe bandejin na yi ta yawo a Jalan Masjid India, wani titin kasuwa, ina taya yadi ba na saye, don zama ya gagare ni. Da aka buɗe, ciwon ya tsaya. Yana gane fuska idan an matso, yana karanta manyan baƙaƙe. Abu mai gudu kuwa, likita ya ce ya manta da shi.

Muka dawo ta hanyar da muka bi, muka iso Jos da la'asar. Tafiyar ta nuna mini cewa akwai garuruwan da ke gama abu su share wurin su shiga wani, ba tare da sun tsaya jimami ba, kuma dattijon da na raka ya fi ni saurin fahimtar haka. Yanzu da yamma mukan je tsohon filinmu mu zauna a benci samari na bugawa, ina faɗa masa wanda ke kan gaba, yana gyara mini daga ƙarar bugun. Gasar Kuala Lumpur ba za ta dawo ba, ni da shi kuma mun daina bugawa.