Raka'ar da Nake Tsawaitawa

Godiya ta tabbata ga Allah, Masanin abin da ƙiraza ke ɓoyewa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa.

Shekarun baya, zamanin tsuke bakin aljihu, da ɗaukar 'yan ƙwadago ta gagari talaka, aikin gayya ya dawo ƙauyukanmu na tsakanin Gwarzo da Kabo. A lokacin ne abokina ya yi tashe. Tare muka taso. Ni na bi allo, shi ya gaji gangar noma. Daga Gude har Mainika ba a sa ranar gayya sai an ji ta bakinsa, domin kiɗansa mai zaƙi ne, yakan mantar da tsoho ciwon baya. Sauran makaɗa gaban manoma suke shiga suna kirari. Shi kuwa kullum a bayansu yake, idan an ɗago a ƙarshen kunya sai ya sunkuyar da kai.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, na riga na zama limamin unguwa, ina kuma jin kaina. Na kira shi zaure na yi masa dogon wa'azi a kan kiɗa, wanda, in faɗi gaskiya, ni ya fi burgewa. Bai yi musu ba. Ya je ya rataye gangar a bayan rumbu.

Daga nan ya fara ɓacewa: kasuwa, ɗaurin aure, daga bisani masallaci. Na ɗauka fushi ne. Wata rana da hantsi na je gidansa. Mai ɗakinsa ta ce wata uku ke nan bai taka zaure ba, in ya ji sallama sai gumi ya karyo masa. Na same shi zaune a bayan ƙyaure, yatsunsa suna kaɗawa a kan gwiwa, babu sauti. Gidan tsit, ko kaji ba sa motsi. Ina gaishe shi na lura ƙafata tana bin kiɗan da kunnena bai ji ba.

Ya tambaye ni ko na san baitocin waƙarsa da aka fi so. Na ce wa bai san ta ba? Ya ce in faɗa. Na buɗe baki, sai na tarar amon kawai na riƙe. Sai ya karanto su, ba da waƙa ba, kamar mai sanar da rasuwa:

"Rana ta fito, ni ban fito ba. An kira sunana, na ce ba ya nan. Ku yi ta dariya, ni a tsorace nake."

Shekara ashirin samari suna ihun murna a kan waɗannan kalmomi.

"Malam," in ji shi, "tun muna yara idon mutane nake tsoro. Gangar nan ita ce katangata. In ina kaɗawa, ita ake kallo. Ka rushe katangar, kana cewa in fito."

Ban ce ya koma ga ganga ba, shi ma bai nema ba. Damuwarsa ita ce kada ya mutu yana mai barin jam'i. Muka yi shawara: a sahu ba mai kallon wani, don haka ya riƙa zuwa bayan kabbara, ya tsaya a sahun ƙarshe, ya fice da zarar an sallame. Sai dai idan raka'ar farko ta kuɓuce masa, dole ya miƙe ya rama shi kaɗai, jama'a sun juyo. Sau ɗaya hakan ta faru, ya sake ɓuya mako biyu.

Littattafanmu sun karhanta liman ya tsawaita ruku'u domin jiran mai shigowa. Sai na samo wa kaina mafita irin ta ɗalibin da fiƙihu ya yi wa yawa: ruku'u aka ambata, ba karatu ba. Azahar da la'asar, da yake a asirce ake karatu, nakan ja sura ina saurare, har in ji faɗuwar takalmansa a bakin ƙofa, ɗaya, shiru, sannan ɗayan. Shekara tara muna haka. Wani dattijo har ya tambaye ni ko saukar Alƙur'ani nake yi a raka'ar farko.

Wata la'asar ta damina na ja karatu fiye da kullum. Can na ji takalman, ɗaya, shiru, ɗayan. Na yi ruku'u. Da muka sallame na tarar da ƙaninsa a waje yana jirana: abokina ya cika tun kafin a kira salla. Na tambayi mutumin da ke ƙarshen sahu, ya ce shi bai ga kowa ba, ya dai matsa ya ba da wuri, bai san dalili ba.

Ban ƙara komai a kan wannan ba. Allah ne masani. Abin da na sani shi ne na yi hukunci a kan kiɗa ban saurari mai kiɗan ba. Yau in na ga mai yawan faranta wa jama'a, nakan jira a watse, in tambaye shi lafiyarsa a keɓe.

Allah ya jiƙansa. Kai mai karatu, Allah ya sanya natsuwa a zuciyarka da ta iyalinka, ya ba ka mai jiranka idan ka makara.