Kwalbar da ke cikin jakarta

Ina aji biyu na babbar sakandare a Malumfashi aka kawo mana baƙuwa a tsakiyar zango. Daga wani ƙauye take can bayan Dandume, inda 'yan bindiga suka shiga, mutane suka watse. Babanta yana cikin waɗanda aka kashe, shi ya sa ta dawo hannun gwaggonta. Benci ɗaya aka haɗa mu, amma ban taɓa tambayarta ko ta karya ba. In an fita tara mu 'yan gari mu tafi cin awara, ita kuwa ta kifa kai a aji. Wasu har kwaikwayon maganarta suke yi. Ni ban yi ba, amma nakan yi dariya.

Wata Laraba da damina ta shigo fes, har da murmushi. Ta miƙo mini littafin lissafinta da sabon biro.

"Riƙe, na ba ki."

"Ke fa? Jibi fa gwaji."

"Ba zan buƙace su ba. Ki yafe ni in na taɓa ɓata miki."

Na yi dariyar yaƙe. Da ta buɗe jakarta sai wani wari ya buge ni. Ni 'yar manomi ce, na san warin maganin feshi. Baba ko kusa da inda yake ajiye shi ba ya barinmu. Na hango ƙaramar kwalba naɗe a leda.

Malamin Turanci yana ta bayani, ni kuwa hankalina yana kan kwalbar. In faɗa, a ce na yi mata sharri? Wataƙila aiken gwaggonta ne. In kuma na yi shiru fa? Sai ta nemi izinin fita bayi, ta ɗauki jakar.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Malam yana kirana, na ruga ofishin malamai, na tarar da malamarmu ta Hausa tana duba littattafai. Na ce, "Malama, baƙuwar nan... kwalba... ta ce in yafe ta."

Ba ta tambaye ni komai ba. Ta riga ni fita.

Bayan ajujuwa muka same ta, zaune gindin darbejiya, kwalbar a cinyarta, ba ta buɗe ba. Malama ta zauna a jiƙaƙƙiyar ƙasa kusa da ita ta ce, "'Yata, kawo in riƙe miki." An daɗe kafin ta saki. Sai kuka, irin wanda ban taɓa jin ɗan'adam ya yi ba.

Aka kira gwaggonta, aka kai ta wurin likita. Kafin ta dawo, Malama ta tsaya a gabanmu ba tare da ta ambaci kowa ba ta ce, "Duk wadda ta ga 'yar'uwarta ta sauya, ta zo ta faɗa. Gara ta yi fushi da ke tana raye. Kuma kada in ƙara ganin wata ita kaɗai a ajin nan."

Da baƙuwar ta dawo makaranta muka riƙa raka ta gida, mu uku. Ta kuwa yi fushin. Wata guda ba ta ce mini uffan ba, muna tafe tana kallon ƙasa. Ranar da ta fara yi mini magana, cewa ta yi in matsa, na danne mata hijabi.